Ambulan Marasa Kusurwa

A gidanmu ni ce mai ajiya. Hotunan aure, takardun baftisma, littafin girkin kakarmu wanda man shanu ya ɓata wa shafuka, duk a wurina suke. In gardama ta tashi a kan shekarar da wani ya rasu, ni ake bugo wa waya. Shi ya sa da Mama ta ce ya kamata a rubuta wani abu a kan mahaifinta, Gosse Bottema, wanda mu jikoki muke kira Pake, ba a ma yi shawara ba aka miƙo mini biro. Ita so take a ce mutumin kirki ne mai son jikokinsa. Haka ne kuwa. Amma ba zan iya ba da labarinsa in tsallake akwatunan takalmi huɗu da ke ƙarƙashin gadona ba, don haka sai ta yi haƙuri.

Pake ya yi shekara talatin da ɗaya yana kula da injin jan ruwa da ke bayan ganuwar teku a ƙauyenmu. Aikin a baki mai sauƙi ne. In teku ya janye, ruwan gonaki ya fita da kansa ta ƙofa. In ya ciko, a kunna inji. Akwai littafin da ke faɗin lokacin cikowa da janyewa na kowace rana, kowane manomi yana da shi a rataye kusa da murhu. Abin da Pake ya sani wanda littafin bai sani ba shi ne iska. In ta yi kwana biyu tana busowa daga arewa maso yamma, sai ta danne ruwa a jikin ganuwa. Littafi ya ce teku ya janye, ido ya ce ƙarya ne. Wanda ya bi littafi ya kashe injinsa, washegari ya tarar da shanunsa a tsaye cikin ruwa suna kallonsa.

Yana da shekara hamsin da biyar kawuna ya bar masa wata tsohuwar kwamfuta da ofishinsu ya zubar. Pake ya aro littafi a laburare ya zauna da ita da yatsu biyu. Kakarmu, Beppe Hiske, ta ce ba ta taɓa ganin mutum yana faɗa da akwati kamar da surukinsa ba sai a lokacin. Bayan damina huɗu ya fito da manhajar da za ta tambaye ka abu uku, yau wace rana, iska daga ina, ruwa nawa aka yi, sannan ta gaya maka lokacin da za ka kunna inji da lokacin da za ka bar shi ya huta. Bai ba ta suna ba. Manoma ne suka riƙa kiranta da sunansa. Ka ji mutum a bakin shago yana cewa, "Me Gosse ya ce yau?" alhali Gosse ɗin yana tsaye a gefensa yana sayen taba.

Kwamfutar tana da wani ɗan batir a ciki, kamar maɓallin riga, mai riƙe mata kwanan wata. Tun kafin ta zo gidanmu ya mutu. Duk safiya in an kunna ta sai ta ɗauka yau ɗaya ga Janairu, 1980. Kawu ya yi ta fama a saya mata sabo.

"Ina da kalanda a bango," in ji Pake. "Ina da ƙararrawar coci. Ina da matar da ba ta manta komai, har abin da ban yi ba. Agogo na huɗu na mene ne?"

Ta gidan waya yake raba manhajar. Ya sa faifan kwamfuta a ambulan ya aika wa duk wanda ya roƙa, daga ƙauyenmu har tsibirai. In ya yi gyara ya aika sabo, su kuma su juya ambulan ɗin su maido masa da tsohon faifai, don mutanenmu ba sa zubar da abin da ke da sauran rai. Sukan haɗo da 'yar takarda. "Gosse, yana aiki. Talata." Ko kuma, "Gosse, ya yi mini ƙarya ran Lahadi, duba." Babu mai rubuta shekara, kowa ya san shekarar da ake ciki. Pake ya jera su a akwatunan takalmi a saman kabad ya ce kada wanda ya taɓa.

Maƙwabcinsa Murk Algra, manomi, abokinsa tun suna sa gajeren wando, kullum cewa yake ya sayar da abin.

"Kai dai an haife ka da ƙashin tsiya, Gosse. Wani da wannan zai sayi jirgin ruwa."

"Ruwan da ya ci gonarka zai tsaya a shingena ne? Don kaina nake ba ka, ba don kyan fuskarka ba."

Yanzu sai nawa.

Ina da shekara goma sha ɗaya, a makarantar Lahadi ana tara mana kan sarki da aka riga aka yi amfani da su, don mishan. Mu namu kan sarauniya ne, amma aikin ɗaya. A yanko kusurwar ambulan da kan sarkin a jiki a kai wa Malama Aukje, wadda ta koyar da iyayenmu ta koyar da mu. Wanda ya fi kawowa a shekara a rubuta sunansa a allo. Shekara biyu 'yar likita tana cinyewa, don ubanta wasiƙu ke zuwar masa kamar ruwan sama. Na ƙudura sai na kayar da ita.

Wata Laraba da rana, babu makaranta, Pake yana wurin inji, Beppe tana lambu tana cire wake, na hau kujera na sauko da akwatunan. Na ɗauki almakashin ɗinkin Beppe. Ni bahaguwa ce, almakashin na dama ne, duk yankan ya tafi a karkace. Ban taɓa faifai ko ɗaya ba, ban taɓa wasiƙa ba, na mai da kowane ambulan inda na same shi, har ina jin ni mai tsari ce. Kusurwoyin kawai na kwashe, da kan sarki da hatimin gidan waya a jiki.

Na ci gasar. Malama Aukje ta ce in taya ta hawa da jakar shekarar zuwa rufin ɗakinta. A can na ga buhuna a jere, kowanne da shekararsa a rubuce da alli, har da na kafin a haife ni.

"Ina jiran wanda zai kai mini su birni da mota," ta ce, tana kauda kai. "Ba sai kin gaya wa kowa ba, 'yar nan."

Ban gaya wa kowa ba. Na iya wannan tun ina ƙarama.

A 1999 wata mata mai suna Marleen ta zo daga Groningen a kan babur. Ta kai shekara arba'in da wani abu, tana shan kofi kamar ruwa. Tana cikin mutanen nan da ke cewa manhaja kamar girki ce, wanda ya iya ya koya wa wani, kowa ya ƙara gishirinsa. Ta ga manhajar a gonar surukinta ta nemo mai ita. Ta roƙi Pake ya bari a sa ta a intanet, da sharaɗi a rubuce cewa kowa zai iya ɗauka, ya gyara, ya ba wani, amma ba mai ikon kulle ta.

"To ai haka nake yi tun da," in ji Pake.

"E, amma yanzu zai zama a rubuce."

"Ku mutanen birni, sai kun ba saniya takarda kafin ta yarda ita saniya ce."

Ya dai yarda. Daga nan wasiƙu suka fara zuwa daga wuraren da bai taɓa takawa ba, wani a Danmak ya fassara ta, wani a Ingila ya gyara mata lissafi. Pake yakan yi kamar bai damu ba, amma yakan bar wasiƙun a kan tebur inda Murk zai gani. Beppe ta rasu a 2001. Bayan haka kwamfutar ce abokiyar hirarsa, ita da ni, don na gama sakandare na kama aiki a gidan burodi, kullum nakan biya in ci abincin rana da shi.

A Satumbar 2003 wasiƙa ta zo daga lauyoyin wani kamfani mai ƙera na'urorin sarrafa injin ruwa. Ba zan faɗi sunansa ba. Suka ce an ba su takardar mallakar wata ƙirƙira, wato a sa kwamfuta ta haɗa lokutan teku da yanayin iska ta yanke lokacin jan ruwa. Sun nema tun bazarar 1996, an ba su a Agustan nan. Manhajar Pake, in ji su, ta taka haƙƙinsu. A cire ta daga intanet, a daina rabawa.

Pake ya karanta sau biyu, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa.

"Iskar ma tasu ce yanzu?"

Murk yana wurin, da kofi a hannu. Ya fashe da dariya har yana dukan cinya.

"Ashe kwafa ka yi, tsohon ɓarawo! Shekara goma muna yi maka kirari, ashe satar amsa ce!"

Wasa yake yi, kowa a ɗakin ya sani. Amma ya je ya maimaita a shago, maganar ta zaga ƙauye ta dawo babu wasan a jikinta. Na ji da kunnena wata mata tana cewa a gidan burodi, dama ina mai tsaron inji ina ƙirƙira. Ba cire manhajar ce ta fi cin Pake ba. Mutum ne da in ya tsinci safar hannu a hanya sai ya rataye ta a shinge mai ita ya gani. A ce ya ɗauki abin wani ya sa sunansa, wannan ne ya hana shi cin abinci.

Marleen ta zo a Oktoba. A lokacin mutanenta suna cikin yaƙi da wata doka da ake son kafawa a Brussels, wadda suke ganin za ta buɗe ƙofa a riƙa mallake dabarun manhaja kamar yadda ake mallake filaye. Shafukansu na intanet da yawa sun rufe don nuna fushi. Ta zo da zafinta.

"Muna da wata tara daga ranar da aka ba su, Pake, za mu iya ƙalubalanta. Abin da aka riga aka sani a fili ba a mallake shi. Yaushe ka sa lissafin iska?"

"Hunturun casa'in da uku. Bayan guguwar da ta ɗauke wa Murk rufin rumbu."

"Shekara uku kafin su! Ai shi ke nan. Kawo faifan."

Ni na sauko da akwatunan. Marleen ta sa faifai na farko a kwamfuta ta duba. Ta sa na biyu. Ta sa na goma. Kowane fayil, ɗaya ga Janairu, 1980.

"Pake, mene ne wannan?"

"Batir ne."

"Batir." Ta dafe kai. "Wato za mu je mu ce ka rubuta wannan shekara tara kafin ka taɓa kwamfuta, kuma duk a rana ɗaya, ranar sabuwar shekara."

"Ba na shan giya, dole in sami abin yi."

Ta yi dariya, irin wadda ta fi kuka ciwo. Can sai ta ɗago.

"Tsaya. Ambulan! Hatimin gidan waya ba ya ƙarya. Ambulan ɗaya tak mai kwanan wata kafin bazarar casa'in da shida, da faifan iska a ciki da wasiƙar wanda ya karɓa, ya ishe mu tsayawa a gabansu."

Ta jawo ɗaya. Babu kusurwa. Ta jawo wani. Ta juye akwatin shekarun farko duka a kan tebur, ambulan sama da ɗari biyu, kowanne da giɓinsa a sama ta dama kamar yaro mai famfara.

"Wa ya yi wannan aikin?"

Ina tsaye a jikin murhu da butar kofi. Pake ya ɗauki ambulan ɗaya ya juya shi, ya daɗe yana kallon yankan.

"Hiske ce, Allah ya jiƙanta. Don mishan."

"Ina take kai su?"

"Duk ƙarshen shekara takan aika da su birni ta gidan waya. Sun daɗe da shiga duniya."

Nan ne wurin. In an ce in nuna inda rayuwata ta karkace, zan nuna tayil ɗin da nake tsaye a kai. Kalma goma sha ɗaya ce kawai: ni ce, kuma na san inda suke, suna rufin Malama Aukje. Gidanta bai kai tafiyar minti biyar a keke ba. Buhun casa'in da shida yana can da allinsa, kuma yankana karkatacce ne, kowace kusurwa za ta koma gurbinta kamar haƙori. Sai na ji bakina yana cewa, "A ƙara kofi?"

Marleen ta koma kan shaidu. Aka tara Murk da wasu manoma biyu a ɗakin girkin, ta kunna rikoda.

"Yaushe ka fara karɓar faifan da ke tambayar iska?"

"Shekarar da saniyata Baƙa ta haifi tagwaye," in ji Murk.

"Wace shekara ke nan?"

"To ai ita ce shekarar."

Na biyu ya ce casa'in da biyu ne, ya rantse, alhali a lokacin Pake bai ma rubuta ba. Na uku ya ce shi dai ya tuna bayan babban tseren kan ƙanƙara ne, wato casa'in da bakwai, shekara guda bayan kamfanin. Suka kaure da gardama har aka koma kan wanda ya ci wa wani iyakar gona. Marleen ta kashe rikodar ta fita waje ta sha taba biyu a jere.

Hunturun nan kullum sai na wuce ta ƙofar Malama Aukje sau biyu, zuwa aiki da dawowa. Nakan ɗaga kai in ga 'yar tagar rufin. Na ce wa kaina ai ɓeraye sun cinye su. Na ce ai an daɗe da kai su birni. Na ce gobe. Gaskiyar ita ce ni ce yarinyar da ake yabo a dangi, wadda ba ta ɓatar da ko maɓalli, na kasa zama wadda ta yanka. Ranar Kirsimeti Mama ta yi ajiyar zuciya a kan tebur ta ce, "Mamata ma dai, ita da almakashinta." Aka gyaɗa kai. Na bar matar da ta koya mini saƙa ta ɗauki laifina a kabarinta, na ci naman da ke gabana.

Kafin sabuwar shekara an cire manhajar daga intanet, don Marleen ta ce kada a ba lauyoyi abin kamawa. Pake ya daina zuwa shago da safe, ya koma zuwa dab da rufewa, lokacin da ba kowa.

A Maris, wata Alhamis, muna feraye dankali shi da ni, ana ruwa. Ban shirya ba. Maganar ce kawai ta fito.

"Pake, ba Beppe ba ce ta yanke ambulan ɗin."

Bai ɗago ba.

"Na sani."

"Ka sani?"

"Beppenki ta yi shekara arba'in tana ɗinki. Ko burodi ba ta taɓa yankawa a karkace ba. Wannan aikin bahago ne da almakashin aro. Bahagwai nawa gare ni?"

"To me ya sa ka ce ita ce?"

"Ita ba za ta ji kunya ba yanzu. Ke kuwa fuskarki ta yi kamar madara, na ce yarinyar nan za ta faɗi a kan murhu. Abin da ya tafi ya tafi, a bar wa matattu su riƙe, sun fi mu ƙarfin baya. Miƙo tukunya."

"Ba su tafi ba, Pake. Ba birni aka kai su ba. Malama Aukje ba ta taɓa aikawa da ko ɗaya ba. Suna rufin ɗakinta a buhu, da shekara a jiki. Ni na taya ta hawa da su."

Wuƙar ta faɗi cikin kwano. Ya dube ni. Ban taɓa ganin wannan kallon ba, kuma ba na fatan in sake gani.

"Tun yaushe kika san haka?"

"Tun ranar."

Ya ɗauki hularsa. Mutum mai shekara kusan saba'in, a kan keke, cikin ruwa, iska tana dukan ƙirjinsa, na kasa kamo shi.

Ƙofar gidan a buɗe take, babu labule a tagogi. Wani mutum yana fenti a zaure, ɗan 'yar'uwarta ne. Ya ce Malama ta faɗi ta karye a ƙugu bayan sabuwar shekara, an kai ta gidan tsofaffi, gidan za a sayar.

"Buhunan rufi fa?" in ji Pake, yana haki.

"Kai, kar ka tuna mini! Buhu ashirin da wani abu na guntayen takarda. 'Yan badujalar ƙauye suka kwashe da suka zo tara tsoffin takardu, Asabar ɗin ƙarshen Janairu. Har godiya suka yi, sun ce nauyin ya kusa saya musu sabon ƙaho."

Mako shida. Na tsaya ina lissafi kamar lissafin zai canza wani abu. Daga Oktoba zuwa ƙarshen Janairu buhun yana nan yana jirana, ina wucewa ta ƙarƙashinsa da burodi a kwando.

Muka turo kekunanmu a ƙasa. Sai da muka kai gada ya yi magana.

"To. Aƙalla za mu ji su ranar bikin sarauniya."

Na fashe da kuka a tsakiyar titi. Ya tsaya yana riƙe da kekuna biyu har na gama.

Da yamma na bugo wa Marleen na gaya mata komai. Ta ce, "Shekararki goma sha ɗaya a lokacin." Na ce, "A Oktoba sha takwas nake." Ba ta musa ba, na kuma gode mata da ba ta musa ba.

A Afrilu ta ɗauki Pake a bas zuwa zanga-zanga a Brussels. Ya ɗora riga ruwan ɗorawa irin ta masu zanga-zangar a kan kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya tafi da burodi da cuku a aljihu. Ya dawo yana cewa masu gashi har kafaɗa sun yi ta kama hannunsa suna kiransa da sunan manhajar, wani ma ya ce ya ɗauka Gosse gajarta wasu kalmomi ne. Ranar ya ci abinci sosai. A Mayu aka shigar da ƙalubalen da abin da ake da shi, wato faifai masu shekarar 1980 da tagwayen Baƙa. Amsa ta ɗauki shekara biyu, kuma ba ta ba kowa mamaki ba: ba a tabbatar da lokaci ba. Ba zan ce sun yi zalunci ba. Ni ma da aka kawo mini wannan shaidar ba zan karɓa ba. Saura kotu, Pake ya ce bai taɓa shiga ba, ba zai fara da furfura ba.

A Yulin 2005 majalisar Turai ta yi watsi da dokar nan. Marleen ta bugo waya tana ihu, ana jin hayaniya a bayanta.

"Mun ci, Pake! Mun kayar da ita!"

"Barkanku, 'yata. Tawa takardar fa?"

Ihun ya ragu. "Wannan ba ta shafe ta ba. Wadda aka riga aka bayar tana nan."

"To ku sha ɗaya a madadina."

A makon ne ya hau bas zuwa gari ya sayo batir. Ya sa na buɗe kwamfutar na saka, na gyara mata rana. Daga nan sai ya kama rubuta kwanan wata a kan komai. Ƙwai, kwalbar jam, takardar cefane, bayan kujerar da ya gyara. Murk ya ce saura ya rubuta a goshin kare. Shi Murk bai taɓa daina amfani da faifansa ba, ya ce su zo su kama shi a cikin taki in suna da takalmin. Sau ɗaya na ji ya nemi gafara, a irin tasu hanyar. Ya tsaya a tsakiyar shago ranar Asabar, cike da mutane, ya ce da ƙarfi, "Duk wanda ya ce Gosse kwafa ya yi, ya zo ya faɗa mini a nan. Mutumin da ko rawar wani bai iya kwaikwaya ba." Wasu sun yarda. Wasu har yau in an ambaci Pake sai su ce, wannan da kamfani ya kama. Sauran manoman kuwa, da injinansu suka tsufa, na'urar kamfanin suka saya. An ce tana aiki da kyau.

Pake bai ƙara rubuta ko layi ɗaya ba. Na roƙe shi ya koya mini, ya ce idonsa ya gaji. Ban sani ba ko idon ne. Bai taɓa tayar da maganar buhun ba, ko da wasa, shi da ba ya barin komai ya wuce bai tsokana ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ya rasu a Fabrairun bara, a kujerarsa, bayan abincin rana. Kwana biyu kafin nan mai kai wasiƙa ya kawo mini ambulan, alhali tsakanin gidana da nasa titi uku ne. Tsohon ambulan ne da aka juya, da sabon kan sarki, hatimi ya fito raɗau. A ciki akwai faifan iska na farko da 'yar takarda:

"Rinske. Batir nawa. Ƙarya tawa. Almakashi naki. Biyu da ɗaya, na cinye ki, sai ki rubuta sunana a allo. Wannan ki bar masa kusurwarsa. 11 ga Fabrairu, 2008."

Na karanta a tsaye a bakin ƙofa na yi dariya, na ce zan biya in rama ranar Lahadi. Ban samu ba.

Lissafinsa bai cika ba, kuma ya sani, mutumin da ya lissafa teku da iska ba zai manta ɗaya cikin huɗu ba. Almakashi na yarinya ne. Shirun wata biyar nawa ne, na babba, da shi muka yi kunnen doki. Ya ƙi sa shi a takarda, shi ya sa na sa shi a nan. Mama, ba Beppe ba ce. Kuma ga duk wanda ya karanta, a ƙauyenmu ko a wani wuri: Gosse Bottema ya sa iska a lissafinsa a hunturun 1993, bai kwafa daga kowa ba. Ba ni da hatimin da zan nuna. Ni na yanke shi.

Rinske Tolsma
3 ga Maris, 2009